Gaisuwar Matattu a Gaban Farfesa Eom

Sau uku Darae tana kai wa mahaifinta maganar aurenta da Munsu, sau uku yana ce mata a'a. Na farko a waya ne. Na biyu a bakin asibiti, ranar da ta kai shi awon jini. Na uku kuwa ko bakinsa bai buɗe ba, jarida ya ɗaga ya kare fuskarsa har ta gaji da durƙuso ta tashi.

To amma duk wanda ya san Eom Darae ya san taurin kan nan na gado ne. Macen da ta shekara bakwai tana bin cutar shinkafa guda ɗaya daga gona zuwa gona har ta gano lagonta, aka buga sunanta a manyan mujallun bincike na duniya tana da shekara talatin da huɗu, ita za a kora da jarida? Sai ta aika gida cewa ranar Asabar Munsu zai zo gidansu a Gongju ya yi babbar gaisuwa, wadda ake kai goshi ƙasa a gaban iyaye, a karɓa ko kar a karɓa.

Lokaci kuwa ya ƙure musu. Pyo Munsu shekararsa goma sha uku a Jamus yana binciken batir, da ɗakin gwaji nasa na kansa da mutum ashirin a ƙarƙashinsa. Yanzu takardu biyu ne a jakarsa. Ɗaya ta Jamusawa, suna so ya shugabanci sashe har ya yi ritaya. Ɗaya ta wata cibiya a nan gida, a birnin Daejeon, ƙaramin muƙami da ɗakuna biyu da ko kujera babu a ciki. Ranar Litinin zai sa hannu a ɗaya.

Ya san Darae ba za ta bar gonakinta da tsofaffinta ta bi shi ba. Ita kuma ta rantse ba za ta auri kowa ba sai Baba ya zauna ya karɓi gaisuwarsa. In Baba ya ƙi ranar Asabar, shi ke nan, Munsu ya koma Jamus shi kaɗai.

Ranar Asabar da hantsi ta iso gida. Jajayen kanya na rataye a bakin rumfa suna bushewa, ƙamshin haƙarƙarin saniya kuma tun daga ƙofa ya tare ta. Murna ta kama ta. Umma ba ta ɗora wannan tukunyar sai don babban baƙo.

Ta shiga kicin da gudu kamar yarinya, ta rungume mahaifiyarta ta baya.

"Umma, na gode! Ashe dai kina bayana."

Umma ba ta ɗago daga albasar da take yankawa ba.

"Sake ni, ba don shi na dafa ba. Gwaggonki ce za ta zo da baƙo."

"Wane baƙo?"

"Dakta Wi."

Darae ta ja da baya a hankali. Wi Taegon! Mutumin da Gwaggo Chunja, ƙanwar Baba, ta shekara biyu tana tallata mata shi kamar sabon firji.

"Yau? Umma, yau da Yaya Munsu zai zo? Wa ya shirya wannan wulaƙancin?"

"Ni."

Da a ce mari Umma ta sharara mata, da ya fi sauƙi. Duk watannin nan Darae ta ɗauka Baba ne kaɗai katangar, Umma kuwa tsoronsa ne ya sa ta shiru.

"Ke? Me ya yi miki? Ko sau ɗaya ba ki taɓa ganinsa ba!"

"Bai yi mini komai ba." Umma ta ajiye wuƙa, ta goge hannu a gaban rigarta. "Zauna, Darae. Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba."

Suka zauna a ƙasa, a gefen tukwanen kimchi, kabejin da suke tsimawa da barkono.

"Me kika sani game da dawowarmu daga Amurka?"

"Abin da kowa ya sani. Ƙasa ta kira masananta su dawo su gina ta, Baba ya bar komai ya dawo. A bango ma aka rubuta a cibiyarmu."

Umma ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo.

"Ƙasa ta kira shi, wannan gaskiya ne. Wasiƙa uku aka aiko masa, duka a kwandon shara suka ƙare. Ni ce na dawo da shi. Ba na jin yarensu, ba na iya cin abincinsu, uwata na kwance a nan. Na haɗa akwati na ce masa ko da shi ko ba shi zan hau jirgi."

"Umma…"

"Bari in ƙarasa. A shekara bakwai da ya yi can, takardun bincike talatin da ɗaya ya buga. Da muka dawo, ko ruwa mai tsafta na gwaji babu, da hannunsa yake tacewa. Shekara goma, takarda uku. Uku, Darae! Wani yaron Bature da babanki ke koya wa riƙe kwalba, shi ya gaji teburinsa, ya ƙarasa aikin da ya bari, aka ba shi babbar lambar yabo. Ranar da labarin ya fito a jarida babanki ya cinye abincinsa tas, ya ce miya ta yi daɗi. Daga nan wata shida bai kira ni ba. In yana son ruwa sai ya yi tari."

Hawaye suka ziraro mata, ba ta share ba.

"Shekara arba'in ina kwana ina tashi da mutumin da na san ni na yanke masa fiffike. Ba na so ki ɗanɗana wannan. Ba na so ki zama matar da miji zai dinga kallo yana tuna abin da ya rasa. Dakta Wi ya riga ya dawo don kansa, ba ki da hannu a ciki. Shi zai bar ki ki yi barci."

Darae ta kama hannun uwarta, ita ma kukan ya ƙwace mata.

"Umma, ni ban haɗa wa kowa akwati ba. Na rantse ko sau ɗaya ban ce masa ya dawo ba. Shi ya ce zai dawo."

"Haka suke cewa, 'yar nan. Babanki ma a jirgi cewa ya yi shi ya ga dama."

"To in ƙi wanda nake so don tsoron abin da bai faru ba? Shekara uku ina jiran mutumin nan, Umma. In ya tafi ranar Litinin, ba zan auri Dakta Wi ba, ba zan auri kowa ba. Sai dai ku zuba ido in tsufa a cikin shinkafa."

Umma ta buɗe baki za ta amsa, sai ga ƙarar mota a ƙofar gida, da muryar da ko kurma ya san ta.

"Ina mutan gidan? A fito a karɓi suruki!"

*

Gwaggo Chunja ta shigo da gashinta da ya sha nadi, tana jan hannun Wi Taegon kamar wanda zai gudu. Shi kuwa, a faɗi gaskiya, ba shi da makusa. Dogo ne, fes da shi, takalmansa ma da ya cire sai da ya jera su suna kallon ƙofa. Shekara biyar ke nan da ya dawo daga Amurka a shirin dawo da ƙwararru gida, aka danƙa masa cibiya sukutum da sabon gini.

"Darae, kalli nan," in ji Gwaggo. "Uwa da rai, uba da rai, gida a hawa na ashirin. Ba irin wasu ba da ko wanda zai zo musu neman aure ba su da shi."

"Gwaggo, don Allah."

"Don Allah me? Shekararki nawa? Ni a shekarunki babban ɗana ya shiga sakandare. Kin tsaya kina soyayya da waya, ƙarfe uku a nan ƙarfe takwas a can!"

Taegon ya ɗan rusuna wa Darae.

"Dakta Eom, ki yi haƙuri, ban san yau kina da baƙo ba sai a mota. Na karanta takardarki ta bara, na jinjina miki."

"Na gode, Dakta Wi."

"Shi ma Dakta Pyo na san aikinsa, babu wanda bai sani ba a fanninmu. Shi ya sa nake mamaki." Ya rage murya. "Mu da muka dawo mun san yadda abin yake. Shekara biyun farko takardun sayen kaya kawai za ka dinga cikewa, da zaman taro, da raka manya cin abinci. In kina ƙaunarsa, ki bar shi inda yake."

Abin haushin shi ne ba da mugunta ya faɗa ba. Darae ta juya ta fita tsakar gida don kar ya ga idonta.

Tana fita ta hango shi a bakin ƙofa. Munsu, da baƙar kwat da ta ɗan yi masa yawa, rungume da akwatin naman shanu da na 'ya'yan itace an ɗaure su da ƙyalle mai ruwan zinariya. Gumi yake yi duk da sanyin kaka. Mutumin da ke tsayawa gaban masana dubu ya yi bayani ko ruwa bai kurɓa ba, ga shi ya kasa shiga ƙofar wani tsoho.

"Yaya," ta ce, tana gyara masa wuyan riga, "an kawo maka abokin takara."

"Na ga motarsa. Ta fi tawa, ni da ma a bas na zo."

Ta yi dariya cikin hawaye.

"Ka dai tuna yadda ake babbar gaisuwa? Kar ka je ka miƙa wa Baba hannu irin na Jamusawa."

"Haba, Darae. Duk shekara sai na yi."

Ba ta tsaya tambayarsa wa yake yi wa ba. Da ta tambaya, da abin da ya faru bai faru ba.

Mahaifinta, Farfesa Eom, na zaune a kan matashi a babban ɗaki, bayansa a miƙe kamar an auna da ma'auni, littattafansa sun cika bango. Taegon da Gwaggo na gefe guda. Umma ta tsaya a bakin ƙofar kicin.

Munsu ya ajiye kayan, ya tsaya a tsakiyar ɗaki.

"Baba, sunana Pyo Munsu. Ka karɓi gaisuwata."

Tsohon ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Wane ne babanka a nan?"

Daga haka ya dafa ƙasa, ya juya da matashinsa gaba ɗaya ya fuskanci littattafai, ya ba shi baya. Ya ƙi karɓa ke nan, a gaban kowa. Gwaggo ta yi gyaran murya irin ta wadda ta ci zaɓe.

Darae ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma Munsu bai motsa ba. Ya haɗa hannayensa, ya ɗaga su daidai goshi, ya durƙusa, ya kai goshinsa ƙasa a bayan tsohon. Ya daɗe a haka. Ya miƙe tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Zuciyar Darae ta cika da alfahari har ta ji ƙirjinta ya yi mata kaɗan.

Sai ta ga ya sake ɗaga hannayensa.

"Yaya!" ta ce, amma bai ji ta ba.

Ya sake durƙusawa. Ya sake kai goshi ƙasa.

Faranti ya suɓuce daga hannun Umma ya tarwatse.

"Wayyo ni!" Gwaggo ta ƙwalla ihu, hannu a ka. "Ya binne Yayana da ransa!"

*

Ko yaron da bai iya ɗaura takalmi ba ya san wannan. Mai rai sau ɗaya ake faɗuwa a gaishe shi. Sau biyu ta mamaci ce, a gaban hotonsa ko a kan kabarinsa. Kuma tsohon da aka yi wa ita bara ya kwanta asibiti sati uku.

Munsu ya ɗago, ya ga fuskokin mutane, sai a lokacin ya gane. Jini ya ɗauke daga fuskarsa. Ya zube a kan gwiwoyinsa.

"Kun gani ko?" Gwaggo na ta zuba. "Wannan ne za a ba 'ya? Ya je ya sha madarar Turawa har ya manta rayayye da matacce! Fita, fita kafin ka jawo mana abin da ba mu shirya ba!"

"Chunja, rufe mini baki."

Farfesa Eom ne. Ya juyo da matashinsa a hankali. Karo na farko ke nan da ya dubi Munsu ido cikin ido, kuma Darae ba ta taɓa ganin idon nan da ja haka ba.

"Kai yaro. Sauri kake in mutu ka ɗauke ta?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To raini ne?"

"A'a."

"To mene ne? Yi magana, an ce kana da baki a gaban Turawa."

Munsu ya sunkuyar da kai. Sannan ya fara magana.

"Ranka ya daɗe, shekara goma sha uku ban yi wa mai rai babbar gaisuwa ba. Ba ni da wanda zan yi wa. A shekarata ta biyar a can aka bugo mini cewa mahaifiyata na asibiti. Ina tsakiyar wani gwaji da na yi wata takwas ina haɗa shi. Na ce a ba ni kwana huɗu in ƙarasa. Na ƙarasa. Da na sauka daga jirgi, hotonta na tarar da baƙin ƙyalle a kai. Na faɗi sau biyu."

Ya ci gaba.

"Takardar da ta fito daga gwajin nan ita ta yi mini suna. Duk inda na je ita ake ambato. Bayan shekara huɗu sai mahaifina, shi ma ina taro a wata ƙasa, shi ma hoto na tarar. Tun daga nan duk shekara nakan jera hotunansu a kan teburin cin abinci, in dafa shinkafa da miya, in zuba musu, in faɗi sau biyu ni kaɗai a ɗaki. Jikina bai san wata gaisuwa ba sai wannan. Ban yi nufin komai ba, ranka ya daɗe. Ka gafarce ni."

Hawaye na ɗiga a bayan hannunsa. Darae ta toshe bakinta. Shekara uku suna tare, ya gaya mata iyayensa sun rasu, amma bai taɓa gaya mata zancen kwana huɗun nan ba.

Farfesa Eom ya dube shi. Da ya buɗe baki kuma, ba tausayi ne ya fito ba.

"Takarda nawa ka buga bara?"

"Goma sha huɗu."

"Dakta Wi, kai fa? Shekararka ta ƙarshe a Amurka?"

Taegon ya gyara zama. "Tara, ranka ya daɗe."

"Bara fa?"

"To… biyu. Amma ka san yanzu aikin shugabanci…"

"Na sani, ai ni na fara shi." Tsohon ya mayar da kallonsa kan Munsu. "Ka ji da kunnenka. Shi ma da aka ba shi gini sabo. Kai ɗaki biyu aka ba ka babu kujera. Ni talatin da ɗaya na yi, na dawo na yi uku. Yau kana kuka kana cewa za ka dawo. Nan da shekara biyar wani yaro da ka koya wa aiki zai karɓi yabon da ya kamata ya zama naka, ka buɗe jarida ka gani, ka ɗago kai, wa za ka gani a gabanka? 'Yata. Ba zan ba ka ita ka dinga yi mata wannan kallon ba."

A bakin ƙofar kicin Umma ta sunkuyar da kai.

"Zai ragu, ranka ya daɗe," in ji Munsu. "Ba na musu. Na zauna na bi sunayen waɗanda suka dawo kafin ni ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu aikinsu ya yi ƙasa na wasu shekaru, wasu sun farfaɗo, wasu ba su farfaɗo ba. Ban san a cikin wanne zan faɗa ba. Amma na riga na ga ƙarshen ɗayar hanyar. Goma sha huɗun nan babu wadda ta taɓa tambayata ko na ci abinci. Ba Darae ce za ta dawo da ni ba. Ko ka hana ni ita, na gaji da zuwa ƙasata ina gaida hotuna."

"Daɗin baki."

Nan ne Darae ta kasa daurewa. Ta taho ta durƙusa a gefen Munsu, kafaɗa da kafaɗa, abin da bai kamata 'ya ta yi a gaban uba ba. Ta yi kuma.

"Baba, ka ce uku."

"Uku na ce."

"Ni kullum da safe ina shiga ginin da ka auna harsashinsa da ƙafarka, lokacin wurin gonar kabeji ce. Na'urar da na gano cutar shinkafa da ita, ɗalibinka ne ya ƙera ta. Farfesa Gil da ya koya wa Yaya Munsu sinadarai tun yana shekarar farko, har ya rubuta masa takardar tafiya Jamus, wa ya yaye shi? Kai! Mutum hamsin da biyu ka yaye, Baba, na ƙirga su a hoton ritayarka. Su ba aiki ba ne?"

"Ba a sa su a mujalla."

"To ni fa? An sa ni. Sunan Eom da ke kan takarduna na wane ne? Na yi karatu a nan, na yi bincike a nan, ban taɓa zuwa ƙasar kowa neman teburi ba, su suke zuwa yanzu su ga gonakina. Don kai ka tace ruwa da hannunka ne ni ban tace ba. In duk duniya za ta ce uku ka yi, ni ban yarda ba, kuma ba zan bari kai ma ka faɗa a gabana ba!"

Kukan ya ci ƙarfinta. Ba ta taɓa ɗaga wa mahaifinta murya ba sai yau, kuma ba ta yi nadama ba.

Tsohon ya kawar da kai, idonsa ya sauka a kan matarsa da ke tsaye a cikin fasassun faranti.

"Maman Darae. Kin gaya mata ke nan."

"Na gaya mata." Umma ta share ido da gefen riga. "Ni na ce ka ƙi shi. Ni na san abin da na gani a idonka wata shida."

"Me kika gani?"

"Tsana."

"Kai, wannan mata!" Ya bugi gwiwarsa. "Shekara arba'in kina riƙe da wannan? Ban kira ki ba don in na buɗe baki kuka zan yi, kuma ban iya kuka a gaban mace ba. Kunya ce, ba tsana ba. Da na zauna a can, wa zai haifa mini wannan mai bakin tsiyar da ke yi mini ihu a ɗakina?"

Umma ta dafa bango, ta fashe da kukan da ta daɗe tana ajiyewa.

Taegon ne ya fara motsi. Ya miƙe, ya janye akwatin nama da na 'ya'yan itace daga tsakiyar ɗaki zuwa gefe don a sami fili, ya rusuna wa Farfesa.

"Ranka ya daɗe, zan wuce. Dakta Pyo, in ka zo Daejeon ka neme ni, ina da kujeru da ba na amfani da su." Ya juya. "Gwaggo, taho in sauke ki."

"Ina za ni? Haƙarƙarin fa?" Gwaggo ta gyara zama tana jan hanci. "Je ka kai kaɗai, ni gidan Yayana ne."

Farfesa Eom ya jawo wani matashi ya ajiye a gefensa.

"Maman Darae, zo ki zauna. Gaisuwar suruki ba mutum ɗaya ke karɓarta ba."

Umma ta tsallake fasassun faranti ta zo ta zauna, tana gyara gashinta. Tsohon ya miƙe bayansa, ya ɗora hannaye a kan gwiwa.

"Kai, Pyo Munsu. Tashi ka sake. Da raina nake, ka buɗe ido ka gani."

Munsu ya miƙe. Ya haɗa hannu, ya durƙusa, ya kai goshi ƙasa. Kafaɗunsa na girgiza, ya daɗe har Gwaggo ta fara leƙa shi. Darae na ƙirgawa a zuci, ɗaya, ɗaya kawai, don Allah ɗaya.

Ya miƙe. Sai ta ga hannayensa sun fara ɗagowa da kansu, gwiwarsa ta fara lanƙwashewa. Ta yi wuf ta damƙe bayan kwat ɗinsa da hannu biyu ta riƙe gam.

Farfesa Eom ya ga komai. Gefen bakinsa ya motsa, amma ya hana dariyar fita.

"Riƙe shi da kyau," ya ce wa 'yarsa. Sannan ya dubi Munsu. "Ta biyun ka ajiye mini, tawa ce, ranarta na zuwa. Amma ka ji da kyau, surukina. Daga Daejeon zuwa nan minti arba'in ne. Ranar da aka bugo maka, ko me ke kan wuta ka kashe shi ka taho. Ni ba na jiran kowa kwana huɗu."

Munsu ya rusuna.

"To, Baba."

Wannan karon tsohon bai tambayi wane ne babansa ba.